Ranar Da Inna Laure Ta Buɗe Baki

Duk wanda ya san Malam Abdulmuttalib a Gumel ya san shi da abu biyu, dogon suna da dogon Turanci. Sunan kuwa ba ya yarda a gutsure masa ko harafi ɗaya. Ka kuskura ka ce masa Abdul, sai ya tsayar da kai a tsakiyar titi ya yi maka lacca ta rabin awa, rana na dukan ku, kai kana neman inuwa shi yana neman misali. Malamin adabi ne a wata kwaleji a garin. Ɗalibai na kiransa Dakta alhali takardar dakta ko ƙamshinta bai ji ba, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Shekarunsa arba'in da ɗaya, da mata, da 'ya'ya huɗu, da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an lallaɓa ta. A ce dai mutum ya gode wa Allah ya zauna lafiya. Ina! Shi akwai mai ci masa tuwo a ƙwarya, kuma ba kowa ba ce illa mahaifiyarsa.

Inna Laure tana zaune a Garin Ubale, wani ɗan ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Abdulmuttalib ne ɗanta na fari, kuma sunan mahaifin mijinta aka sa masa. To ka ji kunya biyu a wuya ɗaya, ga ɗan fari ga sunan suruki. Tun ranar da aka raɗa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Gumel kamar yadda aka saba, can ya girma, can ya yi boko. In ya je ƙauye, da ta ji ƙugin motarsa sai ta tattara abin da take yi ta shige ɗaki ta saki labule. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ba ta amsa masa kai tsaye, sai dai ta ce wa ƙanwarsa Mahbuba, wadda ke aure a maƙwabta amma kullum tana gidan, "Ke, ce wa mutanen Gumel sun sha hanya."

Shi kaɗai ya zo, amma wai mutanen Gumel. Can sai Mahbuba ta fito da fura a wata ƙwarya mai zane wadda ba mai sha a cikinta a duk gidan sai shi. In ya tashi tafiya ya tarar da bayan motarsa cike da kantun riɗi da zoɓorodo da kuka da daddawa, kuma ba wanda zai ce shi ya zuba.

Wannan abu ko yarinyar da ke tallar gyaɗa ta san fassararsa. Shi ma ya sani, ko dai ya zauna da shi lafiya, har shekarar da aka tura shi bita Abuja. Kwana uku kacal, jama'a! A wani otal mai sanyi wani mutum mai tabarau ya tsaya ya ce musu duk yaron da bai ji kalmar ƙauna daga bakin uwarsa ba, yana girma da rauni a zuciya ko bai sani ba. Abdulmuttalib ya dawo Gumel da jaka mai tambari, da biro biyu, da wani ciwo da bai tafi da shi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana. Daga ranar ya gane cewa shi maraya ne, uwarsa na raye.

Sai ya kama rubuta littafi. Ya sa masa suna Bakin Da Aka Ɗinke. A ciki ya kasa shiru gida bakwai, kowane da babinsa: shirun tsoro, shirun ƙiyayya, shirun jahilci, da sauran waɗanda ko shi sai ya duba takarda yake tuna su. Ya yi bayanin shirun da mawaƙi ke yi tsakanin baiti da baiti, da shirun makaɗi sa'ad da ya ɗaga gula kafin ta sauka, da shirun ɗan wasan kwaikwayo in ya juya wa 'yan kallo baya. Wannan duk mutumin da tun da ya yi haƙora ba a taɓa jin ya yi shiru na minti biyar ba. Matarsa ma ta ce ko a barci lacca yake yi. Amma ƙashin bayan littafin shi ne babi na uku, inda ya ɗauki uwar da ta haife shi ya shimfiɗa ta a kan takarda ya yi ta yanka.

Wanda ya buga masa littafin a kwamfuta Malam Obed ne, ma'aikacin laburaren kwalejin, mutumin wajen Filato wanda ya shekara ashirin da biyu a Gumel, har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan garin daɗi. Matarsa Theresa nas ce a asibiti. Wata Laraba da hantsi suna zaune ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan laburare, Obed ya ajiye takardun a kan benci ya dafa su da hannu.

"Malam, na gama," in ji shi. "Amma babin nan na uku, da ka cire shi."

"Saboda me?"

"Ka rubuta cewa lokacin da ka yi haɗari a hanyar Gagarawa, ka kwana tara a asibiti da karyayyar ƙafa, Inna ba ta leƙo ka ba."

"Ta leƙo ne?"

"Ba ta leƙo ba. Amma Theresa ce ke aiki a ɗakin da aka kwantar da kai. Ta ce kwana taran nan akwai wata dattijuwa da ke wuni a gindin bishiyar da ke bayan tagarka, daga fitowar rana har faɗuwarta, da carbi a hannu. An ba ta abinci ta ce tana azumi. Kullum da safe sai ta tare Theresa ta ce, 'Nas, ya mai jikin gado na shida?' In an ce da sauƙi ta koma ta zauna. Kunun da kake sha kana yaba wa matarka, daga hannunta yake fitowa. Theresa ta ce mata ta shiga mana ta gan ka, sai ta rufe fuska da mayafi ta yi dariya, ta ce ai ba nata ba ne, ɗan maƙwabta ne."

Wani mai hankali da ya ji wannan sai jikinsa ya yi sanyi. Abdulmuttalib kuwa sai ya daki cinya, idonsa ya kawo haske, ya zaro biro.

"Ka gani ko! Gado na shida! Ko suna ba ni da shi a wajenta, lamba ce ni. Ɗan maƙwabta! Wallahi Obed ka ba ni abin da babin ya rasa. Maimaita mini a hankali in rubuta."

Obed ya dube shi ya ce, "Ni baƙo ne a garin nan, amma na zauna na kalli mutane. Kai ɗan gari ne, ka je Abuja kwana uku. Uwar da ke jin kunyar ɗanta ai ɗaga shi ta yi sama da sauran. Ko a cocinmu tsofaffin matan da suka daɗe a nan sun san wannan."

"Danniya ce aka yi mata kwalliya," in ji Abdulmuttalib. "Kai lissafin littattafai ka iya, bar mana fassara."

Daga nan ya kwance masa shirinsa, yana murmushi irin na wanda ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba. Ranar ƙaddamar da littafi zai sa a kawo Inna ɗakin taro. A gaban jama'a zai miƙa mata makirfo ya ce ta kira sunansa. In ta kira, ya karya al'adar shekara ɗari, ya kuma samu abin da ya rasa tun yana jariri. In ta yi shiru, to jama'a sun ga shaida da idonsu, littafi ya tabbata.

"Ko ta ina ni ke da riba," in ji shi.

"Ita fa?" in ji Obed.

Bai ji ba, yana rubutu.

A gaskiya, don kada a zalunce shi, ba duka ne iya yi ba. Can ƙasan surutun nan akwai wani abu da yake so da gaske. Yana so sau ɗaya a duniya ya ji yadda sunansa zai fito daga bakin matar nan, yana ganin da ya ji shi ke nan ya zama ɗanta sosai kamar su Mahbuba, waɗanda take zagi, take tsokana, take kira da suna tun daga bayan gida. Abin tausayi ne. Sai dai wanda ke jin ƙishirwa ba ya fasa randar gidansu don ya ga ko akwai ruwa.

Aka sa rana, Asabar da safe. Ya aika ƙauye cewa walima ce ake yi don aikin da ya kammala, ana son albarkar iyaye. Bai ce littafi ba, bai ce makirfo ba. Kawunsa Sajo, yayan Inna Laure, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, shi ya ɗauko ta da Mahbuba a motar wani abokinsa. Inna ta so ta ƙi zuwa, don walimar ɗan fari ba wurin zaman uwa ba ne, amma Sajo ya ce mata ai za ta zauna can baya cikin mata, ba wanda zai san ta zo.

Ɗakin taro ya cika da kujerun roba da ɗaliban da aka ce musu duk wanda bai zo ba ya kuka da kansa ranar jarrabawa. Janareto na ta ƙugi a waje, lasifika na ƙara kamar ana yanka akuya. Babban baƙon da aka buga sunansa a kati ya aiko da wakili, wakilin ma ya aiko da uzuri. Inna Laure na shiga ta nufi kujerar ƙarshe, sai wasu 'yan mata masu ɗamara suka tare ta da fara'a suka ja ta har layin gaba, suka zaunar da ita a kujera mai laushi, daidai inda kowa zai gan ta. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska ta sunkuyar da kai. Mahbuba ta zauna kusa da ita tana waige-waige.

Abdulmuttalib ya hau mumbari cikin babbar riga mai aiki har gwiwa. Ya yi awa guda cur yana bayanin shiru. Ya kawo shi daga Larabci, ya kai shi Turanci, ya dawo da shi Hausa a gajiye. Sannan ya buɗe babi na uku ya fara karantawa da wata murya mai rawa da ya kwana biyu yana gwadawa a gaban madubi. Ya karanta labulen da ake saki in ya zo. Ya karanta mutanen Gumel. Ya karanta gado na shida da ɗan maƙwabta. Wasu 'yan mata a tsakiya suka fara share hawaye, samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Dattawan da suka zo daga ƙauye kuwa suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Kawu Sajo ya cire hularsa ya mayar.

Sai gogan naka ya sauko daga mumbari da makirfo a hannu, igiyarsa na jan ƙasa, ya zo ya tsaya a kan mahaifiyarsa. Ko durƙusawa bai yi ba, don mai ɗaukar hoto ya ce masa tsaye ya fi kyau.

"Inna," in ji shi, muryarsa na fita ta lasifika har titi, "shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Yau ga jama'a. Kira ni."

Ya kanga mata makirfo a baki.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙugin janareto. Inna Laure ba ta motsa ba. Hannunta ɗaya na riƙe da bakin mayafi, ɗayan na kan gwiwa. Mahbuba ta ce a hankali, "Yaya, don girman Allah." Bai ko dube ta ba. Ya bar shirun ya yi tsawo yadda ya tsara, har yana ƙirgawa a zuci, sannan ya juya ga jama'a ya buɗe hannu.

"Kun ji? Wannan shi ne shiru na uku a littafina. Ku saurare shi da kyau. Haka na girma a cikinsa."

Ɗalibai suka ɗauki tafi. Da ya tsaya nan, da watakila abin ya tsaya ga ɓacin rai na wata biyu, a ba shi haƙuri a ba ta, a wuce. Amma tafi giya ce ga irin su Abdulmuttalib. Ya sake juyowa, ya ƙara matso da makirfo, ya faɗi abin da babu shi ko a littafin.

"Ko dai ba ke kika haife ni ba ne, Inna? In ba ke ba ce ki faɗa wa mutane, in je in nemi uwata."

"Kai!" in ji Kawu Sajo, ya miƙe tsaye. "Kai, ɗan nan!"

Inna Laure ta ɗaga masa hannu, ya tsaya. Sannan ta saki bakin mayafin. Ta gyara shi ya koma bayan kunne, fuskarta ta fito fili. Ta ɗago kai ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da bai taɓa gani ba tun da yake, har sai da ya ɗan ja baya. Ta miƙa hannu ta karɓi makirfon kamar ta saba.

"Abdulmuttalib," in ji ta.

Ta faɗe shi cikakke, ba ta ci ko harafi ɗaya ba, da murya sarai wadda ba rawa a cikinta.

"Abdulmuttalib, ina kwana? Ya aiki? Ya iyali, suna lafiya? To madalla. Allah ya sa littafi ya karɓu."

Ta miƙa masa abinsa.

Ɗakin ya kece da sowa. Ɗalibai suka miƙe suna tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Abdulmuttalib ya ɗaga hannu biyu sama, hawaye na zuba, na gaske kuwa, yana cewa, "Ta faɗa! Ta faɗa!" Bai lura da cewa Mahbuba ta kifa kai a cinya tana kuka ba. Bai lura da Kawu Sajo da ya saɓa rigarsa ya fice ba tare da sallama ba, dattawan ƙauye na bin sa ɗaya bayan ɗaya. Obed na tsaye a bakin ƙofa da tarin littattafai a hannu, ya ajiye su a kan tebur ya tafi gida.

Mako biyu Abdulmuttalib yana yawo a kan iska. Bidiyon ya zaga wayoyi daga Gumel har Maigatari, wasu na yabo, da yawa na tsinuwa, shi kuwa duk ya haɗa ya kira shi muhawara. Ya fara tsara littafi na biyu. Ranar wata Lahadi ya wanke mota ya kama hanyar Garin Ubale, yana ta saƙa irin hirar da za su yi da Inna yanzu da ya buɗe mata baki.

Ya yi fakin a ƙofar gida ya yi sallama. Tana tsakar gida tana tsince riɗi a faifai. Ta ji ƙugin motar sarai, amma ba ta tashi ba. Labulen ɗakinta na ɗage a kan ƙofa.

"A'a, Abdulmuttalib ne? Maraba, maraba. Sannu da zuwa. Mahbuba, kawo wa baƙo tabarma."

Daɗi ya kama shi. Ya zauna a tabarmar da ake shimfiɗa wa masu awon gona da jami'an rigakafi. Ta dube shi tana murmushi ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi zafi, ta ba shi labarin tsutsar da ta ci wake bana da rijiyar da ta rufta a unguwar gabas. Kowace jimla sai ta sa sunansa a ciki. Abdulmuttalib kaza, Abdulmuttalib kaza. Mahbuba ta kawo masa ruwa a kofin roba ta dire, idonta a kumbure.

Ya jira fura. Hira ta yi nisa, fura ba ta zo ba. Da ya waiga sai ya hango ƙwaryar nan mai zane a gindin turken awaki, an zuba dusa a ciki, wata akuya na tura baki.

"Inna, waccan ba ƙwaryata ba ce?"

"Wacce? Oho. Ai ta tsufa, Abdulmuttalib. Mai ita ya daina zuwa."

Ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne. Ita ma ta yi dariya. Da ya tashi tafiya ta ajiye faifai ta yafa mayafi ta raka shi har bakin mota, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya tana ɗaga masa hannu.

"Mun gode da ziyara. Ka gaida mutanen gidanka, Abdulmuttalib."

Sai da ya kai Sule Tankarkar wani abu ya ce masa ya tsaya. Ya fito ya buɗe bayan mota. Tayar safaya ce kawai da jarkar mai. Ya tsaya yana kallon wurin, 'yan acaɓa na wuce shi suna masa hon.

Ranar Alhamis ya tafi Maigatari neman Kawu Sajo. Ya same shi a kara, tsakanin wasu bijimai da aka kawo daga Damagaram, yana duba haƙoran wani. Abdulmuttalib ya gaishe shi, Sajo ya amsa ba tare da ya saki leɓen sa ba.

"Kawu, Inna ta canza mini."

"Ta canza? Ba magana kake so ba? Ai ga ta nan kana sha."

"Tana yi mini kamar baƙo."

Sajo ya saki san, ya goge hannu a riga, ya dube shi sama da ƙasa irin kallon da yake yi wa dabbar da aka ɓoye wa ciwo.

"Kai da ka rubuta littafi guda a kan shiru, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba ni zan karanta maka? Laure tana kiran sunan mai gari. Tana kiran sunan mai kanti, da na mai gyaran rediyo, da nawa. Mutum ɗaya tak a duniyar nan ta ɗauke sunansa ta ɓoye, ba ta bari ya taɓa ƙasa ba shekara arba'in da ɗaya. Ɗa ake jin kunya, ɗan wani wa ke jin kunyarsa? Ka tsaya gaban duniya ka tambaye ta ko ita ta haife ka. To ta ba ka amsa. Kowa a ɗakin nan ya ji amsar, ban da kai da 'yan tafinka."

"Kawu, ka roƙar mini ita."

"In ce mata me? Ta mayar da shi ciki? Magana zarar bunu ce. Matsa mini, kana tare wa sa iska."

Daga kasuwar bai koma Gumel ba. Ya yanki hanya ya nufi Garin Ubale, ya isa da la'asar sakaliya, rigarsa duk ƙurar kara. Wannan karon ya kashe motar tun daga nesa ya taka da ƙafa. Ya yi sa'a Inna tana cikin ɗaki, ta idar da salla. Ya zo bakin ƙofar ya durƙusa a daidai inda ya saba durƙusawa tun yana yaro, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa ƙasa-ƙasa. Ya jira. Abin da yake roƙon Allah a ransa kawai shi ne ya ji an saki labule, ya ji ta ce, "Ke, ce wa mutanen Gumel sun sha hanya." Da za ta faɗi wannan, da ya tattara littattafan nan duka ya cinna musu wuta a tsakar gidan.

Mahbuba na tsaye a bakin madafa, ta daina abin da take yi.

Ya ji motsin tabarmar salla, ya ji takunta. Inna Laure ta fito, ta jawo kujerar tsugunno ta ajiye a gabansa, ta zauna suna fuskantar juna, fuskarta a buɗe, da fara'arta irin wadda take yi wa kowa.

"A'a, ka dawo? Lafiya dai ko? Tashi mana ka zauna a tabarma, ƙasa da datti."

Bai tashi ba. Ya buɗe baki, mutumin da ya kasa shiru gida bakwai, ya nemi kalma ɗaya a Hausa ko Larabci ko Turancin Abuja, ya rasa. Hawaye na ɗiga a kan rigarsa.

Ta jira shi cikin haƙuri, kamar yadda ake jiran baƙon da ya zo da buƙata yana jin nauyin faɗa.

"Faɗi mana, ina jin ka," in ji ta. "Me ke tafe da kai, Abdulmuttalib?"